Daga Bakin Shago: Tirela a bayan gajeriyar a-kori-kura, a auna kafin a biya

Gaisuwa daga Adum, tsakiyar kasuwar Kumasi. Kasuwa dai sai godiya. Sidi na hawa yana sauka, mu kuma muna nan bakin shago muna kallon ikon Allah.

Tun bayan rubutun da na yi a kan tamfol da igiyar ɗaurin kaya, tambaya iri ɗaya ta zo mini ta ƙofa uku. Ta farko daga ɗan ƙanwata ce, wanda ke zaune a Kolombos, jihar Ohayo ta Amurka. Ya gaji da tuƙa motar wani, yana so ya tsaya da ƙafarsa: ya riƙa ɗauko motoci daga filayen gwanjo yana kai su tashar jirgin ruwa ta Niwak ko Baltimo, inda ake loda su zuwa Tema da Lome da Kwatano. Ya ce da ni, "Kawu, na samu Ford F-250 mai gajeren bodi, kuɗinta da sauƙi. Wane irin mahaɗi zan sa mata in ja tirela?" Ta biyu daga wani abokina mai albasa a Kwadaso. Ya ga bidiyon Amurkawa suna jan ƙatuwar tirela da a-kori-kura, ya ce shi ma ga Hilux ɗinsa nan, me zai hana? Ta uku daga wani Alhaji mai atikuleta, wato babbar tirela kamar yadda muke kiranta a Gana. Makanikensa na Suame ya ce a canza tanteburin motar, shi kuma yana ganin neman kuɗi ne kawai.

Shekara talatin ke nan ina sayar wa direbobi tamfol da bel da sarƙa, na kuma taɓa shiga haɗin gwiwar mota mai ɗauko albasa daga Galmi, saboda haka kunne ya sha labari, ido ma ya gani. Amsata ga su ukun ɗaya ce. Wurin da kai ya haɗu da bodi, nan dukiya da rai suke rataye, kuma ba a sayen ƙarfen wurin da ido. Da tef ɗin awo da sikeli ake sayensa.

Mene ne tantebur?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan kan atikuleta da aka cire wa bodi ya ga wani faffaɗan faranti na ƙarfe, baƙi ƙirin da giris, mai tsaga ta baya. Shi ne makanikai ke kira tantebur. A ƙarƙashin gaban bodi kuma akwai wani gajeren turken ƙarfe mai wuya, sunansa kinfin. In direba ya yi ribas, kinfin ya bi tsagar nan ya shige, sai muƙamuƙin ƙarfe ya rufe a wuyansa. Shi ke nan. Tan talatin ko arba'in na kaya suna bin kai a kan turken da kaurinsa inci 2 ne, wato milimita 50.8. Manyan motoci masu ɗaukar katafila su ne ke da na inci 3 da rabi.

Turawa suna kiran farantin nan "taya ta biyar". Sunan ya fito ne tun zamanin keken doki mai ƙafa huɗu, inda ake kwantar da wani zobe mai kama da taya a kan aksul ɗin gaba don keken ya iya shan kwana. A 1914 wani maƙeri a Ditiroyit, August Fruehauf, ya ƙera wa wani mai sayar da katako tirela don ya ja jirginsa na ruwa da Ford Model T. Gaban tirelar ya hau kan motar, bayanta ya tsaya a kan ƙafarsa. Wannan ƙirar ce muke gani har yau a hanyar Techiman da Tamale.

Hikimar abin ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu da suka riƙa zuwa Salaga daga Kano da Sakkwato neman goro, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, sun san inda ake ɗora wa jaki akumari. In kaya ya koma ta ƙugu, jaki ya yi ta tangaɗi. In ya matso wuya, ya ji masa ciwo. Mota ma haka take. Dole nauyin gaban tirela ya sauka daidai kan aksul ɗin baya, ko ya ɗan gota gaba da inci ɗaya zuwa biyu. In ya sauka a bayan aksul, sai ya zama kamar ka danna ƙarshen benci: gaban mota ya yi sama, sitiyari ya yi sakayau, birkin gaba ya rage kamu.

Abin da Amurkawa ke yi shi ne su ɗaure ƙaramin tantebur a cikin bodin a-kori-kura, a kan aksul ɗin. Tirelar da aka ja ta haka ta fi wadda ake maƙalawa a ƙugiyar baya natsuwa a hanya, ba ta yawan kaɗa wutsiya. Nan kuma matsalar gajeren bodi take.

Lissafin gajeren bodi

A Amurka bodin a-kori-kura iri uku ne. Dogo ƙafa 8. Gajere ƙafa 6 da rabi ko sama kaɗan. Sai gajere ƙwarai, ƙafa 5 da rabi. A dogon bodi, daga bayan gidan direba zuwa tsakiyar aksul akwai wajen inci 56. A gajere wajen inci 40 ne. Faɗin tirela kuwa inci 96 ne ko 102.

To ɗana, ɗauki biro. Lokacin da kake ribas ka shiga lungu, mota ta karye sosai har ta yi gicciye da tirela, gefen tirelar ne ke fuskantar gilashin bayanka. Daga kinfin zuwa gefen nan rabin faɗin tirela ne, inci 48 ko 51. A dogon bodi, 56 ka cire 51, saura 5, ka sha. A gajeren bodi, 40 ne kawai kake da su alhali 51 ake nema. Inci 11 ɗin da suka rage, a jikin gidan direba tirela za ta neme su.

Na taɓa ganin irin wannan a Magazin. Wata ƙatuwar a-kori-kura ce aka kawo daga Tema, kusurwar kanta ta baya a lotse, gilashin baya babu. Fita, wato makanike a bakinmu na nan, ya nuna mini ramukan tantebur a cikin bodi ya ce, "Alhaji, wannan ba karo ta yi ba, tirelarta ce ta mare ta." Ku tuna kuma, a mota mai ƙofa huɗu, kan wanda ke zaune a kujerar baya yana jingine ne da wannan gilashin. Sau da yawa yaran gida ne a wurin.

Ga ƙa'idar da masu ɗaura irin waɗannan ƙarafa ke bi. Ka auna daga bayan gidan direba zuwa inda kinfin zai zauna. Ka ƙara yawan incin da mahaɗin zai iya ja da baya. Ka cire rabin faɗin tirela. Abin da ya rage kada ya gaza inci 4. Da hannunka za ka auna, a jikin motarka da tirelarka, don kowace ƙira da nata awon. Wani dila zai ce maka ai akwatin kinfin ɗin tirelar dogo ne, ya miƙo gaba, ko kuma an yanke kusurwoyin gabanta. Gaskiya ne wannan yana taimakawa a ƙaramar kwana. Amma in mota ta yi gicciye sosai, tsawon akwatin kinfin bai ƙara maka ko inci ɗaya, faɗin tirela ne kaɗai ke magana. Mai ɗaukar motoci kuma ya ƙara da auna hancin motar da ke saman gaba, don wani lokaci ita ce ke leƙowa ta wuce tirelar.

Hanyoyin da ake bi

Hanya ta farko, tantebur mai zamiya na hannu. Yana zaune a kan dogo biyu, yana iya komawa baya da inci 10 zuwa 12. Curt da Reese da B&W duk suna yin irinsa, kuma shi ya fi sauƙin kuɗi a cikin masu zamiya. Aikinsa: ka tsaya, ka sauka, ka ja hannunsa, ka riƙe birkin tirela, ka matsa gaba har ya zame ya kulle. In ka gama juyi, ka maido shi gaba kafin ka hau babban titi, don a baya nauyi ya bar kan aksul. Mu yi lissafin: 40 a ƙara 12, a cire 48, saura 4. Ya isa da ƙyar ga tirela mai faɗin 96. Ga mai faɗin 102 kuwa inci 1 ne ya rage, bai isa ba. Sannan akwai mantuwa. Mutumin da ya yi tuƙin awa goma cikin ƙanƙara, ya iso gidan mai da ƙarfe biyun dare, ba kullum zai tuna ya sauka ya ja hannun ƙarfe ba.

Hanya ta biyu, mai zamewa da kansa, irin SuperGlide na kamfanin PullRite. Da ka fara shan kwana sai ya riƙa ja da baya, da ka miƙe ya dawo gaba. Akwai mai tafiyar inci 14, akwai wanda ya haura 20 saboda bodi mai ƙafa 5 da rabi. Shi ya cire mantuwa daga lissafi. Sai dai ya fi tsada, kuma sai an ɗaura wa akwatin kinfin ɗin tirela wani faranti na musamman da zai kama shi. Ma'ana ba kowace tirela za ka je ka ɗauko kai tsaye ba. Wurin haɗawa da cirewa ma sai mota da tirela sun kusa miƙewa a layi ɗaya.

Hanya ta uku, a bar tantebur yadda yake, a canza akwatin kinfin na tirela, irin Sidewinder na Reese. Shi yana mayar da wurin juyawa baya da inci 22, nauyi kuma yana nan a kan aksul. 40 a ƙara 22, a cire 51, saura 11. Lissafi ya yi kyau. Amma an fi yin sa ne don tirelolin nan masu ɗaki da Amurkawa ke yawon hutu da su, kuma sai wanda ya ƙera tirelar ya yarda ƙashinta zai ɗauki irin murɗar da yake kawowa.

Hanya ta huɗu, a bar faranti gaba ɗaya a koma dunƙule. Wannan ita ce tirela mai wuyan dinya: dogon wuya ya lanƙwaso cikin bodi ya hau kan dunƙulen ƙarfe mai kaurin inci 2 da 5/16. Yawancin masu jigilar kaya da dabbobi da a-kori-kura a Amurka ita suke ja. Ba ta cin wuri a bodi, kuma wuyan siriri ne, ya fi samun hanyar juyawa. Dole a sa mata sarƙoƙin tsaro biyu. A gajeren bodi akwai dunƙulen da ke komawa baya da inci 4, amma inci 4 ɗin ne kawai, saboda haka awo bai faɗi ba.

Hanya ta biyar ita ce na gaya wa ɗan ƙanwata. Na ce, "Ɗana, in da motar tana hannunka ne, da sai mu nemi dabara. Tunda ba ka biya ba, ka nemi mai dogon bodi." Mai yawon hutu yana jan tirela sau biyar ko shida a shekara. Kai kullum za ka ja, kana shiga filin gwanjo mai matsatsi da layin tashar jirgi. Rangwamen da ka samu a gajeriyar mota, mai zamiya zai cinye wani abu daga ciki, gilashi da gyaran kai su cinye sauran. Araha ba ta ado.

Nauyi: lambar da ke jikin ƙofa

Ko an warware maganar juyi, akwai ta nauyi, kuma ita ta fi kashe jari. Dila zai nuna maka babbar lamba ya ce motar nan tana jan kaza. Wannan lambar ja ce. Wadda za ka nema ita ce ta ɗauka, tana nan a wata takarda da aka manna a madogarar ƙofar direba. Ita ke faɗin iyakar abin da za a ɗora wa motar, har da kai da yaronka da kayan aikinku.

Tirela mai kinfin tana sauke kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta a bodin mota. Ɗauki tirela mai laba 14,000, wato kilo 6,350. Kashi 20 nata laba 2,800 ne, kilo 1,270. Ka ƙara nauyin tantebur, wanda in mai zamiya ne wani ya haura kilo 100. Ka ƙara kanka, da sarƙoƙi, da jak, da akwatin kayan aiki. Ƙananan irin F-150 galibinsu ba su wuce laba 2,000 da yawa ba, sun fita daga maganar. F-250 ma, in mai injin dizal ce mai ƙofa huɗu, nauyin injin ya riga ya ci wani kaso, saboda haka sai ka karanta takardar motar da ke gabanka. Shi ya sa masu wannan sana'a suka fi sayen F-350 ko Ram 3500 ko Silverado 3500 masu taya huɗu a baya.

Kada kuma ka manta, laba 14,000 ɗin nan har da nauyin tirelar ita kanta. In ta ci 5,000, saura 9,000. Corolla tana wajen laba 3,000, Highlander ta haura 4,000. Ka ga Corolla uku sun kai ka bakin iyaka, Highlander kuwa biyu ne. Duk wanda ya yi maka lissafin riba da mota uku a kowane zuwa, ka tambaye shi waɗanne motoci.

Lambobi huɗu ne: ta mota, ta tantebur, ta ƙarafan da suka ɗaure shi, ta tirela. Wadda ta fi ƙanƙanta ita ce taka. Tantebur mai laba 20,000 bai mayar da ƙaramar mota babba.

Ɗaurin ma a casis ake yinsa. Falanken bodi kwano ne, ba ya riƙe komai. Sababbin manyan a-kori-kura da yawa suna fitowa daga kamfani da ramuka biyar a bodi, huɗu na ƙafafun tantebur, na tsakiya na dunƙule. In motar na da su, ka sayi wanda aka yi don ramukan. In babu, ka sayi ƙarafan ɗauri da aka yanka don wannan ƙirar, a ɗaure da ƙusoshin da suka zo tare da su. A bar tazarar wajen inci 6 tsakanin leɓen bodi da cikin tirela, don kada su haɗu a gangare. A sa na'urar birkin tirela a gaban direba, da igiyar nan da ke kama birki in tirela ta ɓalle.

Takardun Amurka

Wannan na 'yan uwanmu na Kolombos da Buronkis da Atalanta ne. In ka haɗa iyakar nauyin da aka rubuta wa mota da wanda aka rubuta wa tirela suka kai laba 26,001, tirelar kuma ta haura 10,000, sai da lasisin manyan motoci, CDL. Lambar da ke rubuce ake dubawa ko da tirelar wayam take. Mota mai 10,000 da tirela mai 14,000 sun ba da 24,000, ba ka kai ba. Mota mai 14,000 da tirelar nan dai sun ba da 28,000, ka shiga. Ko ba ka kai ga CDL ba, muddin kana ɗaukar kayan mutane kana tsallaka jihohi kuma nauyin ya haura laba 10,000, sai ka yi lambar USDOT da izinin jigila. Inshora mafi ƙaranci a doka dala 750,000 ce, dillalan kaya kuwa galibi ta miliyan ɗaya suke nema. Kuɗin inshorar nan ka fara tambaya kafin ka tambayi kuɗin tantebur, don shi ne ke zuwa kowane wata ko an yi aiki ko ba a yi ba.

Mai Hilux na Kwadaso

Abokina, motar da ka gani a bidiyo ta kusa ninka Hilux ɗinka girma. Hilux tana ɗaukar wajen tan ɗaya. Sababbi masu ƙarfi suna jan kilo 3,500, shi ma in tirelar na da birkinta. Kashi 20 na 3,500 kilo 700 ne. Ka ƙara tantebur, ka ƙara kanka da yaron mota, ka ga tan ɗayan ya ƙare ba ka ɗora ko buhu a bodi ba. Cikin 3,500 ɗin kuma sai an cire nauyin tirela kafin a zo ga albasa.

Sannan bodin mai ƙofa huɗu wajen mita ɗaya da rabi ne, aksul kuma ya matso kusa da kai ƙwarai. Je ka sa tef ka gani. Duk abin da na faɗa a kan gajeren bodin Amurka, naka ya fi shi tsanani. Ka ƙara da hanyoyinmu: lungunan Adum da Alabar, cunkoson Kejetia, buɗaɗɗun kwatoci, tudun rage gudu a kowane gari daga Offinso har Bolga. Kowane ɗaya yana murɗa mahaɗin yana neman haɗa cikin tirela da leɓen bodi.

Suame za su iya ƙera maka tirelar, wannan babu shakka. Mutanen da ke yanka casis su ƙara masa tsawo, su gina bodin bas daga falanke, tirela ba za ta gagare su ba. Amma iya ƙerawa daban, lambar nauyi da za ka nuna wa mai inshora daban. Kafin a taɓa ƙarfe ka je DVLA ka tambayi rajistar tirela, ka tambaya ko lasisinka na B ya isa, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka a rubuce. Ranar da abu ya faru a hanya, takarda ce za ta yi magana.

In da ni ne, Hilux ta ci gaba da aikinta na rarraba kaya cikin gari. In kaya ya fi ƙarfinta, ga Kia Rhino da Hyundai Mighty, masu ɗaukar tan uku zuwa biyar gwargwadon ƙirarsu. Kayan gyaransu na nan birjik a Magazin, kowane yaron fita ya san cikinsu.

Alhaji mai atikuleta

Alhaji, kada ka yi saurin zargin makanikenka, kada kuma ka biya a makance. Abin yana da awo. Kinfin sabo milimita 50.8 ne a wuya. Kamfanin Jost na Jamus, wanda tanteburinsa ke kan motocinmu da yawa, ya sa iyakar cinyewa a milimita 49. Ka ce a wanke giris a sa ma'auni a gabanka. A duba muƙamuƙin da zoben da kinfin ke gogawa. Sau da yawa su kaɗai ake canzawa, akwai su a kunshi ɗaya, ba sai an sayi faranti duka ba. In farantin ne ya tsage ko ya cinye, to babu ciniki, a canza.

Alamar da direba zai ji ita ce bugu daga baya duk lokacin da ya tashi ko ya taka birki. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne a cika kinfin ko muƙamuƙi da walda a goge. Ƙarfen an gasa shi ne ta hanya ta musamman, wutar walda tana ɓata shi, ya yi kyau a ido ya karye a hawan dutse. In na hannu za ka saya, wanda muke kira hom-yus, 'yan Najeriya su ce Beljiyam, ka nemi mai farantin suna a jiki, a auna shi kamar yadda aka auna naka.

Direba kuma, duk haɗawa: ya tabbata tirela ta sauka a kan faranti babu tazarar da haske ke wucewa, ya shiga ƙasa da tocila ya ga muƙamuƙi ya rufe a wuyan kinfin, ya ga hannun ya koma ya kulle, sannan ya riƙe birkin tirela ya ɗan ja gaba ya ji ta riƙe, kafin a naɗe ƙafafu. Minti biyu ne. Tirelar da ta ɓalle a gangaren Kintampo ba ta tambayar wa ke bayanta, ko bas ce cike da mata 'yan kasuwa.

Wurin da tantebur ya zauna a kan casis ma yana taɓa aljihunka. Ƙa'idar ECOWAS ta sa wa kowane aksul iyakar nauyin da zai ɗauka. In an matsar da farantin baya fiye da kima, nauyi ya taru a ƙafafun baya, sai ka ga jimillar kaya daidai take amma sikelin Akom ya kama aksul ɗaya. Kada a matsar da shi don kawai sabon bodi ya samu wurin juyawa, sai an yi lissafin da muka yi a sama.

Kuɗin dangi

Abin da ya sa na tsawaita a kan ƙarfe guda shi ne na san inda kuɗin irin waɗannan motoci ke fitowa. Na ɗan ƙanwata, rabi adashin mahaifiyarsa ne na shekara uku a Aboabo, da abin da yayarsa ta tara a sayar da atamfa. Haka yake a gidaje da yawa na Zango. Yaro yana can shi kaɗai, amma jarin na mutum biyar ne ko shida, kuma su ba su san inci ba, ba su san laba ba. Amana suka sani.

Saboda haka iyaye da yayye, in ɗanku ya kira ya ce a taimaka zai sayi mota da tirela, kuna da damar tambaya, ba rashin yarda ba ne. Ku ce ya turo hoton takardar da ke madogarar ƙofa. Ku ce ya turo hoton tef a shimfiɗe daga bayan gidan direba zuwa tsakiyar aksul. Ku tambayi faɗin tirelar da nauyinta wayam. Ku tambayi kuɗin inshora na wata. In ya kawo huɗun nan, ku kai wa wani tsohon direba ko fita da kuka yarda da shi ya duba. In ya ce ai dila ya ce babu matsala, ku ce ya koma ya auno. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma samari, tsarin saye shi ne: ka fara sanin kayan da za ka ɗauka, kaya su zaɓa maka tirela, tirela ta zaɓa maka mota, sannan mahaɗi ya zo a ƙarshe. Yawancin masu shiga wahala daga ƙarshe suke farawa, su sayi mota don ta yi araha sannan su shiga neman ƙarfen da zai rufe gajartarta.

A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, za mu duba taya: yadda ake karanta shekarar da aka yi ta a jikinta, da dalilin da ya sa tayar da ta yi sanyin Turai take fashewa a zafin hanyar Bawku. Masu tambaya su ci gaba da aikowa ta hannun edita. Allah ya tsare mana direbobinmu, ya kai kaya lafiya, ya sa albarka a nema.